Tukunya Mai Famfo

Ni Hafsa sana'ata dillanci, kuma ban taɓa jin kunyarta ba. Tun muna unguwar Misfala a nan Makka, kafin a rushe layinmu mu dawo Ka'akiyya, duk matar da ke son rabuwa da injin wanki ko neman tukunyar biki, ƙofata take bugawa. Ƙanena Munzali shi ne ƙafata. Shi ke shiga haraj, kasuwar tsofaffin kaya, kuma yana da 'yar motar ɗaukar kaya, dabbab, da yake zuwa Jidda da ita ya kwaso komatsan baƙin da suka gama aiki za su koma ƙasashensu. Shi ya kawo, ni in shiga gidaje. Ina da baki, na sani, an sha gaya mini. Amma ban taɓa sayar wa mace abin da ke yoyo na ce mata ba ya yoyo ba.

A tsakiyar Sha'aban ya sauke mini wata tukunya a tsakar gida. Wallahi sai da na zagaya ta. Istil ce, ƙarfen nan da ba ya tsatsa, doguwa har ta kusa kai mini ƙugu, ba lotsawa ko ɗaya. A gindinta akwai famfo. A cikinta akwai wani faranti mai ƙananan huji kamar rariya, wanda ya zauna daram a ƙasa. A gefe kuma an liƙa mata wani abu mai kama da agogo, mai nuna zafi. Har da wani bututun jan ƙarfe a nannaɗe aka haɗo masa da shi, wanda na ɗauka na tsohon mukayyif ne, na'urar sanyaya ɗaki, na ba masu sayen ƙarafa a ranar.

Na ce, "Munzali, wannan ta dafa mece ce?"

Ya ce, "Ina na sani, Yaya? Wani Bature ne ya tafi ya bar wa mai gadin gidansu, ni kuma na saya a hannun mai gadin. Ƙila miyarsu suke yi a ciki."

"Miya da famfo?"

"To Turawa ne fa."

Ban ƙara tambaya ba, don tun kafin ya rufe baki zuciyata ta riga ta tafi gidan Maimuna.

Maimuna ƙawata ce, duk da na girme ta. Ta Chadi suka biyo ita da mijinta Dauda tana amarya, suka zauna, shi yana ɗinki har Allah ya karɓi abinsa. Ya bar ta da 'ya ɗaya, Kausar, da kuma subiya. Wanda bai san Makka da azumi ba ne kawai zai tambayi mece ce subiya. Sha'ir ake niƙawa a jiƙa da kayan ƙamshi, hel da kirfa, a bar shi ya ɗan kwana ya yi tsami kaɗan, a tace, a sa sukari da ƙanƙara. Mu nan in an kira magariba, bayan dabino ita maƙogwaro ke nema. Ta Maimuna kuwa ba ta da ta biyu a unguwarmu. Tana sayarwa a leda daga ƙofar gida, amma ba cinikin ne ya fi mata komai ba. Tun Dauda yana raye, ita ke kai jarkokin subiya sufrar masallacin unguwa, shimfiɗar da maza ke buɗa baki a kai, sadaka, kullum har Salla. Ba ta da takardar 'yar ƙasa irin tamu, ba ta da dangi a garin nan. Abin da ya sa ake cewa "Maimunarmu" ke nan, kuma ta san haka sarai.

Sai dai a wata shuɗiyar durom ta roba take yi. Ta sunkuya ta kamfata da moɗa, ta zuba a ƙyalle, ta murɗe, ta sake murɗewa, har wuyan hannunta ya kumbura. Bara a goman ƙarshe da rarrafe take shiga ɗaki saboda ciwon baya.

Na sa Munzali ya kai tukunyar gidanta, na bi shi a baya.

Na ce, "Ummu Kausar, fito ki ga yadda Allah ya tausaya wa bayanki."

Ta fito tana goge hannu a zane. Ta leƙa ciki, ta ciro farantin nan ta ɗaga shi sama tana kallon hujin, ta mayar. Ta murɗa famfon ta rufe. Sai ta dube ni.

"Yaya Hafsa, dusar a sama za ta tsaya, ruwan ya fito ta nan?"

"Ashe kina da kai."

"La ilaha illallahu. Kamar don subiya aka ƙera ta."

"Don ke aka ƙera ta. Taya."

Ta taya, na ce albarka. Ta ce ni ba ni da tausayin marayu, na ce marainiyar da ta kusa aure ba marainiya ba ce. Ta ƙara, na kama mayafina kamar zan tafi, ta riƙe gefensa tana dariya. Ƙarshe na sallama mata ba tare da na ci ko sisin kwabo a kai ba, Munzali yana ta hararata. A wannan rana na yi barci da farin ciki, don na ga na yi abin kirki.

Azumi ya kama. Kai, ku zo ku ga Maimuna! Ta ɗora tukunyar a kan wani benci a soro, ta zauna a kujera kamar matar umda, wato mai unguwa, leda a hannun hagu, famfo a hannun dama. Ba sunkuyo, ba murɗa ƙyalle. Subiyar ta fito fara tas, ba ko ɗigon dusa. Mata suna zuwa saye suna shafa tukunyar suna cewa, "Hafsa, in an samu irinta ki tuna da ni." Amm Hashimu, dattijon da ke kula da sufrar masallaci, ya aiko a ce mata ta bana ta fi ta kullum.

Kausar ce ta ɗauki hoton uwar a waya, ita da tukunyar, ta sa don jawo masu saye. Yarinya ba ta yi laifi ba, kowa haka yake talla yanzu. Hoton ya zagaya har ya isa wayar Mish'al, ɗan Amm Hashimu, injiniya, wanda ya yi karatu a ƙasar Turawa. Shi kuma, Allah ya shirye shi, maimakon ya ɗauko ƙafa ya zo ya gaya mini a kunne, sai ya rubuta a gurup ɗin danginsu, har da alamar dariya, wai wannan ai tukunyar dafa giya ce, irin wadda Turawa ke yin tasu a gida. Ya ce famfon da rariyar da agogon duk na aikin ne, don ita ma giyar da sha'ir ake yin ta.

Magana zarar bunu ce. Da azahar ya rubuta, kafin la'asar ta gama Ka'akiyya ta leƙa Kudai.

Ni a gidan wata na ji, na je nuna mata kafet. Ta kalle ni a karkace ta ce, "Hafsa, ashe har kayan mashaya kike dillanci?"

Na ce, "Kayan uban wa?"

Ta miƙo mini wayar. Na karanta, na sake karantawa. Na bar mata kafet ɗin a nan ban ko naɗe ba.

Munzali na fara tarewa. Na ce ya kira mai gadin nan na Jidda yanzu-yanzu a gabana. Ya kira. Mutumin ya yi ta kwana-kwana, daga baya ya ce shi dai ya san Baturen yakan kulle kansa a kicin ranar hutu, gidan ya yi ta warin burodin da ya lalace, amma shi bai taɓa tambaya ba. Munzali ya kashe waya ya zauna a bakin dabbab ya riƙe kai.

Ya ce, "Yaya, da hannuna na shigo da ita. Mai ita ba shi da ikon wuce shingen Shumaisi, inda ake tsayar da wanda ba Musulmi ba, ni na ɗauko tukunyarsa na wuce da ita har cikin Harami."

Na ce, "Tashi, ba lokacin kuka ba ne." Mu da aka haifa a garin nan, wa ya taɓa ganin giya da idonsa, balle tukunyarta? Rashin sani ya fi dare duhu.

Na sami Maimuna a bayan gida wajen wanke-wanke, zaune dirshan a ƙasa, tukunyar a kwance tsakanin ƙafafunta. Ta wanke da sabulu, ta wanke da toka, ta aiki Kausar ta ɗebo ƙasa ta dirje da ita, ta ɗauraye, ta koma farko. Fatar yatsunta ta yi fari ta tattare. Kausar na tsaye tana kuka tana cewa da Larabci, "Halas ya ummi, halas," wato ya isa haka, uwar ko kallonta ba ta yi.

Na durƙusa na ce, "Maimuna, ni na kawo miki. Ki zage ni."

Ta ce, "In zage ki a kan me, Yaya Hafsa? Bayana kika tausaya wa."

Da ta zage ni da na fi jin daɗi, wallahi.

Ta ce, "Masu azumi na shayar. Mutum ya wuni da ƙishirwa don Allah, ya zo ɗakin Allah, abin da ya fara shiga cikinsa daga tukunyar giya ya fito, kuma da hannuna. Me zan ce wa Abu Kausar in mun haɗu?"

Na ce ta saki soson nan haka, addini ba a hannun matan gurup yake ba, akwai masu ilimi. Washegari bayan la'asar na tsaya a ƙofar masallaci na aika a kira mini liman da Amm Hashimu. Na faɗa musu komai, ban rage ba, har batun mai gadi. Liman mutumin kirki ne, bai ja magana ba. Ya ce ƙarfe ba ya shan abin da aka zuba masa, in an wanke ya tsarkaka, kuma ba laifi a kan wanda bai sani ba, balle ma an wanke ta tun kafin a fara. Ya ce zai faɗa wa jama'a. Amm Hashimu ya gyaɗa kai ya ce, "Ki gaya wa Ummu Kausar ta kawo kamar kullum, ya Hafsa. Ɗana ne ya yi wauta."

Na koma da gudu-gudu na kai mata albishir. Ta yi hamdala, ta tashi ta cika jarkoki, Munzali ya kai.

Bayan an idar da magariba ina gidanta ya dawo da su. Tun daga yadda yake tafiya na gane. Jarkar da aka sha da yatsa biyu ake riƙo ta, waɗannan kuwa rungume da su ya shigo ɗaya bayan ɗaya. A cike suke, ƙanƙarar ta narke, jikinsu yana zufa. Guda ɗaya ce kawai ta yi ƙasa.

Maimuna ta nuna ta da sauri ta ce, "Wannan an sha."

Munzali ba ya iya ƙarya, abin da ya hana shi arziki a haraj ke nan. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ne, Yaya Maimuna. Na sha har cikina ya ƙulle."

Na ce, "Liman fa?"

"Ya yi bayani, kowa ya ce sadaƙta, gaskiya ne. Shi dai dabino ya ci ya sha zamzam, ya ce sukarinsa ya hau."

Sukarinsa ya hau! Kwanakin baya da yake kwankwaɗar kofi biyu sukarin yana Ɗa'ifa shan iska? Na yi ta faɗa ni kaɗai a tsakar gida har Kausar ta rufe taga. Ba na cewa mugaye ne. Kowa ya yarda halal ce, amma kowa yana jiran na kusa da shi ya fara miƙa hannu, kada gobe a ce wane ya sha. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne matan da shekara da shekaru suke yabon ɗan tsamin subiyar Maimuna, yanzu su ne ke taɓe baki suna cewa dama sun daɗe suna jin tana da wani ƙarfi-ƙarfi. Tukunyar da ba ta yi wata a gidan ba, ita ce ta sa mata ƙarfi tun shekarun baya?

Masu sayen leda ma suka ɗauke ƙafa. Soron da ake turereniya ya koma sai kuliyoyi.

Mish'al ya zo da kansa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya tsaya a bakin ƙofa da farar riga, yana murza makullin mota, Hausarsa tana tuntuɓe.

"Hala Hafsa, wallahi ma kan ƙasdi, ba nufina ba ne. Wasa nake."

Na ce, "Kai a gidan uban wa ka san tukunyar giya, da har ka gane ta a hoto?"

Ya ce maƙwabcinsa ne a can yake da irinta a gareji. Na ce to sannu, karatu ya yi amfani. Ya ce zai sayo wa Hala Maimuna sabuwar tukunya fil daga kanti, a kai wannan bola. Ni har na ɗan sauko, don shawara ce mai kyau. Maimuna ce ta yi magana daga bayan labule.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Jiya a tsohuwar durom ɗina na yi, Kausar ta ɗauki hoto ta nuna wa kowa. Ba wanda ya zo. Yanzu ba tukunyar suke gudu ba, hannuna ne."

Mish'al ya juya ya tafi.

Kwana biyu tana aika jarkoki suna dawowa. A na ukun Amm Hashimu ya aiko matarsa da rana, da ledar lemo a hannu, ta zauna ta yi ta zagaye-zagaye, ƙarshe ta ce an yi magana da wani kanti za su riƙa kawo subiyar sufra, don a huta da surutu, ita ma Maimuna ta huta da wahala. Maimuna ta yi godiya, ta raka ta har ƙofa. Da ta dawo sai ta tsaya a kan tukunyar. A cike take, don tun daren jiya ta jiƙa na yau, da ta ga durom ba ta canza komai ba sai ta koma wa mai famfon. Subiya kuwa ba ta jira. In ta wuce lokacinta, za ta zama abin da ake zarginta da shi.

Ta ce, "Yaya Hafsa, kama mini mu juye a kwata. Na daina. Gobe ki zo ki ɗauki tukunyarki da durom ɗin duka."

Na ce, "Sha'ir da sukari a kwata, da azumi a bakina? Ba da ni ba."

"To wa zai sha?"

"Makka ta ƙare a Ka'akiyya ne? Ga Kudai can, motoci na sauke masu Umara dubu-dubu, magariba na riskar su a titi ba su da ko ruwa. Ba wanda ya san ki, ba wanda ya san gurup ɗin gidan Hashimu."

Can ta ce, "Zan je. Amma duk wanda zan zuba wa sai na gaya masa."

"Ki gaya masa me?"

"Abin da aka taɓa yi a tukunyar."

Na ce, "Ke Maimuna, kanki ɗaya kuwa? Liman ya ce halal. Ni dillaliya ce, na san abin da ake faɗa da abin da ba dole ba. Wa ya tambaye ki?"

Ta ce, "Na shayar da mutane ba su sani ba sau ɗaya. Ba zan ƙara ba. In sun sani sun sha, to. In sun ƙi, na san hannuna ya mutu, in dawo gida in zauna."

Na yi faɗa, na yi lallashi, na kira ta mai taurin kan tsiya. Ko gezau. Haka muka ɗaure tukunyar a bayan dabbab da igiya, Munzali yana tuƙi a hankali kamar ya ɗauko ƙwai, mu biyu a matse a gaba.

Muka tsaya a gefen titi, ɗan nesa da tashar, inda ba za a kore mu ba. Rana ta yi ja. Manyan motoci suna ta sauke mutane, wasu da harami, wasu da jakunkuna, ga direbobi, ga masu shara. Munzali ya buɗe bayan motar ya jera kofuna, ya ɗaga murya, "Sabil! Subiya sabil!" wato sadaka. Nan da nan aka yo kanmu.

Na farko wani direba ne mai gemu. Ya miƙo hannu, Maimuna ta riƙe kofin ta ce masa da Larabci, "Ɗan'uwa, ka sani, tukunyar nan wani ya taɓa dafa giya a cikinta. Na wanke ta, malam ya ce ta tsarkaka." Mutumin ya janye hannu kamar ya taɓa wuta, ya ce astagfirullah, ya juya. Na bayansa ya ji, ya gaya wa na bayansa. Wasu mata 'yan Indunusiya ba su fahimci abin da ta ce ba, suna murmushi suna miƙo hannu, ita kuma ta ƙi sakin kofin sai an sami mai fassara musu. Kafin a samu, jagoransu ya kaɗa su sun wuce. Cikin ɗan lokaci taron ya watse, aka bar mu da kofuna a jere.

Na ce, "Kin gani ko? Kin huta? Da bakinki kin kore su."

Ta zauna a bakin motar ta haɗa hannuwa a cinya tana kallon ƙasa. Ban taɓa ganin ta tsufa ba sai a wannan yammacin, kuma tausayinta ya kama ni har na ji haushin bakina.

Sai muka ji an ce, "Ikon Allah. Hausa nake ji a nan?"

Wani tsoho ne da harami, siriri, kafaɗarsa ɗaya a waje, takalmansa a hannu, leɓɓansa sun bushe sun tsage. Ya ce daga Jos yake, zuwansa na farko ke nan, ya ɓace wa 'yan ƙungiyarsu tun azahar. Munzali ya ba shi wuri ya zauna, ya karɓi katin wuyansa ya ce zai kai shi masaukinsu bayan salla. Tsohon ya kalli tukunyar ya haɗiyi yawu.

"Hajiya, kunu ne?"

Na yi wuf na ce, "Subiya ce, Alhaji, ta sha'ir, sadaka ce." Na taka ƙafar Maimuna. A banza.

Ta ce, "Baba, kafin in zuba maka. Tukunyar nan ta wani Bature ce, giya yake dafawa a ciki. Ban sani ba na saya. Na wanke ta iya wankewa, malam ya ce ta tsarkaka, amma mutanen unguwarmu sun ƙi sha. In kai ma ba ka so, ga ruwa."

Tsohon ya dube ta. Ya ajiye takalmansa a ƙasa.

Ya ce, "'Yata, ni da kike gani makanike ne. Tun ina saurayi nake shanta, har na aurar da 'ya'ya ina sha. Wannan tukunyar ba ta ɗauki rabin abin da cikin nan ya ɗauka ba." Ya dafa cikinsa. "Na tuba, na sayar da garejina na biya kuɗin jirgi, don an ce mini wanda ya zo nan ana wanke shi. In ƙarfe ma an wanke bai wanku ba, to ni me na zo yi? Zuba mini."

Daidai nan aka kira salla, masallatan Kudai suka ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Maimuna ta kai kofi bakin famfo, ta cika ta miƙa masa da hannu biyu. Ya yi bismilla ya kafa kai, bai sauke ba sai da ya ga ƙasan kofin. Ya yi ajiyar zuciya, ya goge gemu da gefen haraminsa.

"Kai! Allah ya jiƙan wanda ya koya miki. Ƙaro."

Ta karɓi kofin ta mayar ƙarƙashin famfo, sai kuka ya ƙwace mata, irin mai sauti, a gaban direbobi da kowa. Kofin ya cika ya tumbatsa ba ta sani ba.

Na ce, "Ke, miƙa wa bawan Allah ya sha, ki rufe famfon nan, kina jiƙa mini ƙafa."